Na raka ƙawata sashen kula da waɗanda aka yi wa fyaɗe a asibiti, ga abin da na gani

Na daɗe ina son rubuta wannan abin ina fasawa, sai da mai abin da kanta ta ce in rubuta, da sharaɗin kar in faɗi sunanta kar kuma in faɗi sunan asibitin, saboda haka ba za ku ga suna ko ɗaya a nan ba kuma don Allah kar a tambaye ni. Ƙawata ce amma ta ɗauke ni kamar yayarta, Yaya ma take ce min. Abin ya faru da ita ranar Juma'a da dare, ba ta gaya wa kowa ba sai ranar Lahadi da safe ta kira ni tana magana ƙasa ƙasa kamar wadda ke tsoron bango ya ji ta. Ba zan shiga bayanin abin da ya faru ba, ba nawa ba ne. Abin da nake son faɗa shi ne yadda asibitin ya karɓe mu, inda suka burge ni da inda suka ɓata min rai, don wataƙila wata rana wani ya tsinci kansa a inda na tsinci kaina, da mutum a hannunsa yana rawar jiki kuma bai san ƙofar da zai nufa ba.

Bari in fara da inda suka faɗi warwas, wato ƙofar shiga. Mun isa wajen ƙarfe goma na safe, kuma wallahi sai da muka yi kusan awa biyu muna bulayi a cikin asibitin nan kafin mu ga wanda ya san abin da ya kamata a yi. Wajen yankan kati mutumin da ke zaune bayan taga ya ɗaga murya yana tambaya me ke damunta, ga layi a bayanmu kowa ya kasa kunne, na ce masa likita muke son gani ya ce ai dole ya san sashen da zai tura mu. Na sunkuya na raɗa masa, sai ya ɗago ya kalle ta tun daga sama har ƙasa, irin kallon nan da ba a ce komai ba amma an ce komai. Ya tura mu emajensi. A emajensi wani ma'aikaci ya ce ba za su taɓa ta ba sai mun kawo takardar 'yan sanda. A nan ne ta kama hannuna ta ce "Yaya mu tafi gida kawai, na fasa." Da mun tafi ɗin fa, don ni kaina gwiwata ta yi sanyi. Wata baiwar Allah mai goge ƙasa ce da ke jinmu ta ajiye bokitinta ta ce mu biyo ta, ba ta tambaye mu komai ba, ta kai mu har ƙarshen wata doguwar baranda ta ƙwanƙwasa wata ƙofa ta juya ta koma bakin aikinta.

Kun ga abin haushin, sashen yana nan a cikin asibitin, da ma'aikatansa da magungunansa, amma mutanen da ke bakin ƙofa waɗanda su ne kowa zai fara cin karo da su ko ba su san da shi ba ko ba su damu ba. Kuma maganar takardar 'yan sanda daga baya nas ɗin ta gaya mana ba gaskiya ba ce, magani daban ƙara daban, ba a jinkirta wa mutum magani don bai kai ƙara ba, ta ce sun sha faɗa wa 'yan emajensi amma kullum ana canja ma'aikata sai sabbi su zo da tsohon tunani.

To daga wannan ƙofar ne labari ya canja. Ba a rubuta fyaɗe ko wani abu makamancin haka a jikin ƙofar ba, lamba ce kawai, kuma na ga hikimar hakan don duk wanda ya gan ka ka shiga ba zai san me ya kawo ka ba. Ɗaki ne madaidaici da kujeru, labule mai kauri, wani ɗan ɗaki a ciki mai gadon awo da banɗaki nasa na kansa, sannan ƙofar tana kulluwa ta ciki. Nas ɗin da muka tarar babbar mace ce, Sista kowa ke ce mata. Ba ta zauna a bayan tebur ba, kujera ta jawo ta zauna kusa da ƙawata amma ba ta taɓa ta ba, abu na farko da ta ce shi ne "Sannu ƙanwata, kin yi ƙoƙari da kika zo, nan babu abin da za a yi miki sai da izininki." Ni dai a lokacin na ɗauka irin maganar nan ce ta fatar baki da ma'aikata suka haddace. Ashe da gaske take, don tun daga nan har muka bar wajen ban ga an yi wani abu ba tare da an tambaye ta ba, har awon zafin jiki sai da aka ce mata zan sa miki wannan, kin yarda?

Sai ta ce in ɗan ba su wuri na minti biyar. Gaskiya raina ya sosu, ni da na kawo ta, ni da na sha faɗa da mai kati saboda ita, ni za a kora waje? Daga baya Sista ta yi min bayani cewa kowa haka suke yi masa, saboda wani lokacin wanda ya rako mutum shi ne ya yi abin, ko kuma ɗan'uwan wanda ya yi ne aka turo ya sa ido kar a faɗi suna, tunda galibi wanda ke aikata wannan abu ba baƙo ba ne, sananne ne. Suna tambayar mai abin ita kaɗai ko tana son wanda ya rako ta ya zauna. Ƙawata ta ce tana so, aka kira ni na dawo. Kunya ta kama ni da fushin da na yi.

Abin da ya fi burge ni ta ɓangaren aikin likitanci shi ne ba su tsaya dogon tarihi ba kafin magani. Tambaya ɗaya Sista ta fara yi, yaushe abin ya faru, ta ƙirga awanni a yatsunta ta ce mun kusa awa 40, ta tashi nan take. Akwai maganin kariya daga kamuwa da HIV da ake kira PEP, dole a fara shan shi cikin awa 72 da faruwar abin, kuma ba wai a jira awa 72 ɗin ba ne, a'a duk awar da ta wuce ƙarfin kariyar raguwa yake yi, bayan kwana uku kuwa ba a bayarwa don ba ya aiki. Ku tuna fa awa biyu muka zubar a banza tsakanin taga da emajensi, da a ce a awa 70 muka zo fa? Aka yi mata gwajin HIV na yatsa wanda sakamakonsa ke fitowa cikin 'yan mintuna, aka yi mata bayani cewa wannan gwajin ba abin da ya faru shekaranjiya yake nunawa ba, matsayinta na da yake nunawa, sannan aka ba ta ƙwaya ta farko ta haɗiye a gabanmu. Ƙwaya ɗaya ce a rana mai haɗe da magunguna uku, tenofovir da lamivudine da dolutegravir, kwana 28 ba fashi.

Sai gwajin ciki na fitsari, sai maganin hana ɗaukar ciki na gaggawa. Shi wannan ana iya shan sa har zuwa kwana biyar wato awa 120, amma shi ma da zafi zafi ake dukan ƙarfe, ya fi aiki a kwanakin farko. Ƙawata ta tsorata ta tambaya ko zubar da ciki ne, Sista ta ce a'a, jinkirta fitowar ƙwan mace yake yi, in ma da ciki a jikin mutum ba ya taɓa shi. Ta kuma ce in ta yi amai cikin awa biyu da shan sa ta dawo a sake ba ta wani. Ta faɗa mata akwai wata hanyar, robar da ake sakawa a mahaifa mai jan ƙarfe, ita ma cikin kwana biyar kuma ta fi ƙwayar tabbas, amma ƙawata ta ce ba ta son a sa mata komai, Sista ta ce shi ke nan, ba ta sake tayar da maganar ba. Aka yi mata allura ɗaya aka haɗa mata da ƙwayoyi na rigakafin cututtukan sanyi da ake ɗauka ta saduwa, ba a jira wai sai alama ta fito ba. Aka yi mata allurar rigakafin ciwon hanta nau'in B ta farko tunda ba ta taɓa yi ba, da ta tetanas saboda ƙujewar da ke hannunta. Ɗaya daga cikin ƙwayoyin, metronidazole, aka ce ta bari sai ta koma gida daga baya don yana tayar da zuciya kar ya sa ta amayar da sauran. Irin waɗannan ƙananan abubuwan ne ke nuna maka mutum ya san aikinsa. Kuma duk wannan ba a karɓi kuɗi a hannunmu ba, ba a rubuto mana takarda an ce mu je mu nemo a waje ba, a kabad ɗin ɗakin komai yake.

Awon jiki shi ne wajen da ya fi wuya. An tambaye ta ko tana son likita mace ko ba ta damu ba, ta ce mace, aka ce to sai mun jira don ranar Lahadi ce ita kaɗai ce kuma tana ɗakin haihuwa. Mun jira kusan awa guda. Ban ji daɗin jiran ba amma na fi son haka da a ce an tilasta mata wanda ba ta so, kuma tunda an riga an ba ta magungunan da ke da ƙa'idar lokaci hankalina a kwance yake. Takardar amincewa da aka kawo ba irin wadda ake cewa sa hannu a nan kawai ba ce, kashi kashi ce, awon jiki daban, ɗaukar samfur na shaida daban, ɗaukar hoton rauni daban, miƙa bayani ga 'yan sanda daban, kowanne za ka iya cewa e ko a'a. Ta yarda da biyun farko ta ƙi hoto, na 'yan sanda ta ce sai ta yi tunani. Likitar tana faɗin abin da za ta yi kafin ta yi, ba ta sa ta tuɓe gaba ɗaya ba, an lulluɓe ta ana buɗe wajen da za a duba kawai. A tsakiyar awon ta fara kuka ta ce a tsaya, wallahi nan take likitar ta ɗauke hannunta ta ja baya ta zauna, ba tsaki ba kallon agogo, sai da ita da kanta ta ce a ci gaba.

A nan ni ma na tafka tawa wautar. Na tambayi likitar wai awon zai nuna tabbas an yi abin ko, har na kawo maganar budurci. Ta kalle ni ba da faɗa ba ta ce min babu wani awo da ke iya tabbatar da ko mace ta taɓa saduwa ko ba ta taɓa ba, fatar nan da mutane ke magana a kai kowace mace da irin halittar tata, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya tare da wasu hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya sun fitar da sanarwa tun 2018 cewa a daina abin da ake kira gwajin budurci don ba shi da tushe a ilimi, cin zarafi ne kawai a kan cin zarafi. Ta ƙara da cewa da yawa daga waɗanda aka yi wa fyaɗe ba a samun rauni a jikinsu ko kaɗan kuma rashin rauni ba ya nufin ƙarya suke yi. Aikinta ta rubuta abin da ta gani da abin da aka gaya mata da kalmomin mai abin, hukunci na kotu ne. Na yi tsit.

Maganar shaida kuma, ƙawata ta riga ta yi wanka ya fi sau biyar kafin ta kira ni, tana ta ba da haƙuri wai ta ɓata komai. Sista ta ce mata kusan kowa haka yake yi kuma ba laifi ba ne. E, in da hali an fi so mutum ya zo bai yi wanka ba bai canja kaya ba don an fi samun abin da za a gwada, amma wanka bai hana magani aiki ba kuma bai hana a duba ba, kar wanda ya ƙi zuwa asibiti don ya yi wanka. Kayan da ke jikinta a daren ta ƙulle su a leda ta jefa ƙarƙashin gado, Allah ya sa na ce ta ɗauko. Sista ta sa safar hannu ta ciro su ɗaya bayan ɗaya ta sa kowanne a jakar takarda daban ta liƙe ta rubuta rana da lokaci ta sa hannu, ta ce leda tana riƙe danshi, danshi kuma yana ruɓar da shaidar. Ni ban taɓa sanin haka ba.

Bayan nan aka haɗa mu da mai ba da shawara, wata matashiya mai sanyin murya. Na ɗauka za ta zauna ta sa ta maimaita labarin daga farko, ba ta yi ba, ta ce ta karanta abin da Sista ta rubuta ba sai an sake tono ba sai in ita ke son faɗa. Abin da ke cin ƙawata a rai ashe ba ma abin da nake zato ba ne, tambaya ɗaya ce take ta nanatawa, me ya sa ban yi ihu ba, me ya sa ban yi kokawa ba, jikina ne kawai ya mutu. Matar ta yi mata bayani cewa idan tsoro ya kai maƙura ba gudu ko faɗa kaɗai jiki ke yi ba, yana iya sandarewa, murya ta ɗauke gaɓoɓi su ƙi motsi, kuma ba mutum ne ke zaɓa ba, ƙwaƙwalwa ce ke yin haka da kanta don ta tsirar da rai, yana faruwa da mutane da yawa har da maza ƙarfafa. Na ga kafaɗun ƙawata sun sauka a lokacin, kamar an sauke mata dutse. Ta tambaye ta ko inda za ta koma ta kwana akwai aminci, ko mutumin ya san wajen, ko tana tunanin cutar da kanta, kai tsaye ta yi tambayar ba kwana kwana. Muka tsara ta dawo wajena na ɗan lokaci.

Ni ma sai da ta ja ni gefe. Ta ce akwai tambayoyin da in na yi su da kyakkyawar niyya ma yanka suke yi, me ya kai ki, me ya sa ba ki faɗa da wuri ba, me kika saka. Na sunkuyar da kai don a mota muna tahowa na riga na yi ta farkon, har yau in na tuna sai in ji kamar in nutse. Ta ce in saurara in ta yi magana, in bar ta in ta yi shiru, in gaya mata na yarda da ita kuma ba laifinta ba ne, kar in yanke mata shawara ko da ina ganin na fi ta sanin daidai, kar kuma in kai labarin gaba ko wajen wa ba da izininta ba. Ta ce abin da aka ƙwace mata a daren nan shi ne iko da kanta, to duk wanda ya zo yana yi mata dole ko da dolen alheri ce, ƙara ƙwacewa yake yi. A nan na gane dalilin duk tambayoyin nan na kin yarda, kin yarda da Sista ke yi tun safe. A bangon ofishinta akwai takarda da ke cewa a ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2021 kusan mace ɗaya cikin uku a duniya ta taɓa fuskantar duka ko cin zarafi ta hanyar jima'i a rayuwarta, mata wajen miliyan 736. Na tsaya ina kallon lambar nan ina lissafa matan da na sani uku uku.

Kwana 28 ɗin nan na PEP ba wasa ba ne. Satin farko tashin zuciya da ciwon kai da kasala, ga rashin barci wanda ban san na maganin ba ne ko na tashin hankalin. Sista ta kira ta a rana ta uku da ta bakwai, kuma kafin ta fara kiran sai da ta tambaya tun a asibiti wace lamba ce ba mai ɗauka sai ita, da wane lokaci, da abin da za ta ce in wani ne ya ɗaga. A rana ta tara ƙawata ta ce ta gaji ba za ta ƙara sha ba, duk lokacin da ta ga ƙwayar sai abin ya dawo mata sabo. Da dare ne, na kira lambar da suka ba mu wadda aka ce ana samu kowane lokaci, ta yi ta ringin har sau shida ba a ɗaga ba. Wannan ya ɓata min rai sosai, in ba za ku iya ɗaga waya da dare ba kar ku ce wa mutane awa 24 ce, ai da dare ne abin ke taso wa mutum ba da rana tsaka ba. Da lallashi da komai ta sha. Washegari Sista ta kira ta ba da haƙuri ta ce wayar guda ɗaya ce kuma tana hannun wanda ke duti a wani sashen, ta ba ta shawarar ta mayar da shan maganin da safe saboda barcin, ta kuma tuna mata kar ta haɗa shi lokaci ɗaya da maganin ƙarin jini ko na olsa don suna rage masa ƙarfi, a ba da tazara. Ta gama kwana 28 ɗin cif.

Komawa asibiti kuma an rubuta mata a kati, bayan sati biyu, bayan wata ɗaya, wata uku, wata shida. A nan na ga inda sashen ya fara gajiya. Ranar allurar hanta ta biyu aka ce ta ƙare sai mun dawo, sai da muka yi sawu uku. Gwajin jini na bibiya ba a ɗakinsu ake yi ba, sai an tura ka babban lab ka bi layi da kowa da takarda a hannu wadda duk mai ido zai iya karanta abin da aka rubuta. Mai ba da shawarar ita kaɗai ce a duk asibitin, sau biyu ana ɗaga mana rana don an kawo yaro ko yarinya cikin gaggawa, ba na ganin laifinta ko kaɗan don na ga idonta ita ma a gajiye take, amma mutumin da ya yi kwana uku yana tattara ƙarfin halin fitowa daga ɗaki ka ce masa ya koma sai wani satin, ba ƙaramin abu ba ne. Rahoton likita kuma wanda ake buƙata in za a kai ƙara sai da ya yi sati uku yana jiran sa hannu da hatimi.

Ta ɓangaren shari'a akwai jami'ar jin daɗin jama'a da ta zauna ta yi mata bayanin yadda abin yake tafiya in ta zaɓi kai ƙara, ba ta ɓoye mata cewa yana ɗaukar lokaci kuma za a yi mata tambayoyi masu ciwo ba, ta ce in ta yanke shawara za ta raka ta da ƙafarta, in ba ta yanke ba samfurin na nan a ajiye a kulle. Ta kuma faɗa mana tun farko cewa in yaro ne ƙarami lamarin daban yake, akwai abin da doka ke ɗora musu na sanarwa, kuma suna gaya wa mutum iyakar sirrin da za su iya riƙewa kafin ya buɗe baki. Abin da ƙawata ta zaɓa nata ne ba zan faɗa ba. Lauya dai babu a wajen, lamba kawai suke bayarwa.

Na taɓa karanta labarin asibitin Panzi, wanda ya yi suna wajen kula da waɗanda aka yi wa fyaɗe, da ke Bukavu a Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango, wanda likita Denis Mukwege ya kafa a 1999, mutumin da aka ba kyautar Nobel ta zaman lafiya a 2018 tare da 'yar fafutukar ƙasar Iraƙi Nadia Murad. Su tsarinsu ƙafa huɗu ne, maganin jiki, kula da zuciya da tunani, taimakon shari'a, sannan taimaka wa mutum ya koma ya tsaya da ƙafarsa ta fuskar sana'a da abin dogaro. In na auna wannan sashen da wancan ma'aunin, ƙafa ta farko tsaye take daram, ta biyu tana ɗingishi saboda ƙarancin ma'aikata, ta uku rabi ce, ta huɗu babu ita sam. Ƙawata ta bar wajen aikinta saboda abin, kuma babu wanda ya tambaye ta da me za ta rayu.

Wani abu da na lura da shi a zuwanmu na uku, wani saurayi na zaune a ƙarshen benci ya ja hula ya rufe fuska, Sista ta fito ta shigar da shi da irin muryar da ta karɓe mu da ita. Suna karɓar maza da yara maza, magani iri ɗaya ne in ka cire na ciki, amma duk hotuna da takardun da ke bango mata ne a jiki, namijin da ya shigo zai ɗauka ya yi ɓatan kai. Ya kamata su gyara wannan, ba wani abu mai wuya ba ne.

In maki ake so, mutanen da ke cikin ɗakin nan na ba su huɗu da rabi cikin biyar, rabin da na cire na wayar dare ne. Bibiya uku. Taga da emajensi ɗaya, ita ma ɗayar albarkacin mai goge ƙasa suka ci, wadda na koma nema sau biyu in yi mata godiya ban same ta ba, aka ce an mayar da ita wani ɓangaren. Duk wanda zai raka wani, kar ka tsaya yi wa mai kati bayani, ka ce nas mai kula da sashen mata ko babbar nas da ke duti kake nema kuma maganar ta gaggawa ce, in aka ce sai takardar 'yan sanda ka ce a kira maka shugaban sashen, ka riƙe lissafin awannin a kanka, ka tafi da kayan sawa na canji don ana iya karɓar na jikin mutum.

Gwajin jini na wata uku ya fito lafiya lau, a baranda ta karanta ta zauna a ƙasa tana dariya tana kuka lokaci ɗaya har mutane na kallonmu. Barci har yanzu wata rana a samu wata rana a rasa, tana zuwa wajen mai ba da shawarar duk sati biyu in ba a ɗaga ba. Saura allurar hanta ta uku a wata na shida, na sa ranar a wayata, kuma wannan karon sai na kira Sista na ji allurar tana nan kafin mu fito.